Mikel Obi: Yabon gwani dole ne, amma akwai abin kunya a labarinsa

Tun da John Mikel Obi ya rataye takalmansa a watan Satumban 2022, musu ɗaya ne bai mutu ba a gidajen kallon ƙwallo: shin Chelsea ta gina shi ne, ko kuwa ta dakushe shi?

Masu cewa an dakushe shi suna da hujja. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005, yaron da aka haifa a Jos a 1987, wanda ya fito daga Plateau United, shi ne ke tsara wa Najeriya wasa daga tsakiya. Ajantina ta doke Najeriya da ci 2-1 a wasan ƙarshe, an ba Lionel Messi kyautar gwarzon gasar, Mikel ya zo na biyu. Kafin nan rigima ta riga ta ɓarke a kansa tsakanin Manchester United da Chelsea. Sai a 2006 aka sasanta, inda Chelsea ta biya United fam miliyan 12, ta kuma biya ƙungiyar Lyn ta Norway fam miliyan 4.

Da ya isa Landan, José Mourinho ya mayar da shi mai tare gaban 'yan baya. Aikinsa ya koma ƙwace ƙwallo, ya riƙe ta, ya miƙa wa na kusa. A wasa 372 da ya buga wa Chelsea, ƙwallo shida kacal ya ci. Ƙwallonsa ta farko a Firimiya ma sai a Satumban 2013 ta zo, a ragar Fulham.

Sai dai auna irin wannan ɗan wasa da yawan ƙwallaye kuskure ne. Chelsea ƙungiya ce da ta yi suna wajen sallamar koci, kuma kowane sabon koci da irin 'yan wasan da yake so. Duk da haka Mikel ya shafe fiye da shekara goma a can. Ya ɗauki kofin Firimiya a 2010 da 2015. A wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2012, a gidan Bayern Munich, ya buga minti 120 cif yana toshe hanya, har aka kai ga bugun fenareti Chelsea ta ɗauki kofi. A 2013 yana tsakiyar tawagar Stephen Keshi da ta ci kofin nahiyar Afirka a Afirka ta Kudu, karo na farko tun 1994. Wanda aka dakushe ba ya tara wannan tarihi.

Saboda haka wancan musu ya kamata a bar shi ya huta. Tambayar da ta fi nauyi ita ce yadda Najeriya ta riƙe ɗan da ya buga mata wasa 91.

A 2016 tawagar Olamfik ta maƙale a birnin Atlanta na Amurka saboda matsalar jirgi da ta kuɗi. Sa'o'i kaɗan kafin wasanta na farko ta sauka a Manaus da ke Brazil, amma ta doke Japan da ci 5-4. Mikel, wanda shi ne kyaftin, ya bayyana daga baya cewa da kuɗin aljihunsa aka biya wasu ɗawainiyoyin tawagar. Har wani likita ɗan Japan, Katsuya Takasu, ya tausaya ya kawo musu gudummawa. Tagullar da suka ciyo bayan doke Honduras 3-2 ita ce lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta samu a Rio.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne batun mahaifinsa, da aka yi garkuwa da shi har sau biyu. Na farko a Jos a watan Agustan 2011, aka same shi a Kano bayan kimanin kwana goma. Na biyu a Yunin 2018, a kan hanyarsa ta zuwa kudu maso gabas. Labarin ya iske Mikel sa'o'i kaɗan kafin wasan Najeriya da Ajantina a gasar cin kofin duniya a Rasha. Ya ce an yi masa barazanar kashe tsohon idan ya faɗa wa kowa. Bai faɗa wa koci ba, bai faɗa wa abokan wasa ba, ya ɗaura ƙyallen kyaftin ya buga wasan har ƙarshe. Bayan kwanaki aka kuɓutar da mahaifin a jihar Enugu.

Ana yawan ba da waɗannan labarai a matsayin shaidar kishin ƙasa, kuma haka ne. Amma duk inda ɗan wasa ya zama shi ne ma'ajin tawaga, to akwai ofishin da ya yi barci. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, tana sanin ranar kowace gasa shekaru kafin ta zo. Babu uzuri a ce sai ana gobe wasa ake neman kuɗin jirgi, ko kuma 'yan wasa su ƙaurace wa atisaye kan alawus, kamar yadda ya faru a Brazil a 2014 kafin karawa da Faransa.

Haka ma tsaro. Idan mahaifin kyaftin ɗin Super Eagles bai tsira a hanya ba, ina ga manomi da ɗan kasuwar da ba wanda zai buga labarinsu?

Abin da ake buƙata ba sabo ba ne. A ware kuɗin tawaga tun kafin gasa, a rubuta yarjejeniyar alawus a fili, a biya a kan lokaci. Gwamnatocin jihohi, har da ta Filato da ta raini Mikel, su gyara filayen unguwanni, su farfaɗo da gasar makarantu, domin a can ake gano irinsa. Su kuma masu horar da yara su daina raina yaron da ba ya zura ƙwallo amma ya iya riƙe tsakiya.

Mikel ya sauke nasa nauyin, har ya ɗauki wanda ba nasa ba. Hanyar girmama shi ita ce a tabbatar kyaftin na gaba ƙwallo kawai za a tambaye shi.