Rumbun takardu ko allon rabon aiki: Wanne ya fi wa ɗan kasuwar kan iyaka amfani?

Idan mai karatu bai manta ba, a cikin watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a kuma fara buɗe su ba sai a Disambar 2020, inda Illela da Maigatari suka kasance cikin na farko. Bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Jamhuriyar Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake datse iyaka har zuwa Maris na 2024. A ɓangaren Benin kuwa, ko da Kwatano ta buɗe nata gefen a 2024, hukumomin Yamai sun bar gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe, lamarin da ya sa kaya da yawa suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso.

Duk wanda ke harka a Jibiya, Maraɗi, Birnin Ƙonni ko Damagaram ya san abin da wannan ya jawo. Hanya ta ƙara nisa, kwanaki sun ƙaru, hannuwan da kaya ke bi ta cikinsu sun yi yawa, takardu kuma sun ninka. Wannan ne ya sa matasan da ke riƙe wa iyayen gidansu lissafi suka fara kawo shawarar a koma ga manhajojin waya. To sai dai manhajojin nan iri biyu ne, kuma sau da yawa akan ɗauka abu ɗaya ne, alhali kowanne da matsalar da yake magancewa.

Iri na farko shi ne rumbun ajiya na intanet, kamar Google Drive, Dropbox da OneDrive. Aikinsa shi ne adana takarda a inda wuta ko ɓarawo ko lalacewar waya ba za su same ta ba. A ɗauki hoton rasit, takardar kwastan, takardar duwan ta Nijar, shaidar biyan kuɗi a banki ko yarjejeniya da mai mota, a zuba a jaka guda, sai duk wanda aka ba izini ya gani daga inda yake. Google Drive na ba da gigabayit 15 kyauta, OneDrive 5, Dropbox kuma 2. Maigida na iya ba wani damar kallo kawai, wani kuma damar gyara.

Iri na biyu shi ne manhajar tsara aiki, kamar Trello da Asana. Trello, wadda ta fito a 2011, allo ce mai layuka, kowane aiki kuma kati ne da ake turawa daga wannan layi zuwa wancan. Mota guda kati guda: an yi lodi, tana hanya, tana bakin iyaka, an sauke, an biya. A jikin katin akwai sunan wanda aikin ke wuyansa da ranar da ya kamata ya gama, in ranar ta matso kuma wayarsa za ta tuna masa.

A taƙaice, rumbu na amsa tambayar "ina takardar take?", allo kuma na amsa "wa ke da alhakin wannan, kuma yaushe zai gama?"

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Jibiya da ke jiran tirela daga Maraɗi. Yana da yaro a can, da direba, da wakilin da ke fito masa da kaya a bakin iyaka, da mai riƙe da sito. Idan motar ta kwana uku a tsaye saboda takardar da ake nema tana cikin wayar yaron da cajinsa ya ƙare, to matsalarsa ta ajiya ce, rumbu ne maganinta. Amma idan takardar na nan kowa ya gan ta, sai dai wakili ya zaci direba ne zai biya kuɗin, direba kuma ya zaci wakili ya riga ya biya, to ko rumbu goma aka buɗe ba za su motsa motar ba. Wannan matsalar rabon aiki ce.

Abin da akasarin 'yan kasuwarmu ke amfani da shi a yau shi ne zauren WhatsApp, kuma ba laifi, domin saƙon murya ya dace da wanda karatun boko bai ishe shi ba. Illarsa ita ce rasit ɗin watan jiya yakan nutse a ƙarƙashin ɗaruruwan saƙonni, in waya ta ɓace ba tare da an adana bayananta ba kuma shi ke nan. Bugu da ƙari, tun daga 2024 abin da WhatsApp ke adanawa daga wayoyin Android yana cin wuri ne cikin gigabayit 15 ɗin nan na Google, saboda haka bidiyon biki na iya cika rumbun da aka tanada don takardun kasuwa.

A ra'ayinmu, mafi yawan masu harka a kasuwannin kan iyaka da rumbu ya kamata su fara, saboda dalilai uku. Na farko, sauƙi: duk yaron da ya iya ɗaukar hoto ya iya zuba takarda a jaka, alhali allon aiki ba ya amfani sai kowa ya riƙa sabunta katinsa kullum. Direba ɗaya ya yi sakaci, allon ya fara faɗin abin da ba shi ne ba, wanda hakan ya fi rashinsa haɗari. Na biyu, harshe: Trello na da Turanci da Faransanci, amma maigida a Kano da yaronsa a Maraɗi da Hausa suke fahimtar juna, hoton takarda kuwa ba ya bukatar tafinta. Na uku, kuɗi: Trello ta kyauta ta taƙaita ga mutum 10 da allo 10 a wurin aiki guda, abin da ya wuce haka da dala ake lissafa shi a kan kowane mutum kowane wata, kowa kuma ya san yadda darajar naira ta faɗi tun daga Yunin 2023.

Akwai kuma hanyar tsakiya. A cikin rumbun Google ana iya buɗe jadawali guda na Google Sheets, a rubuta lambar mota, irin kaya, sunan mai alhaki, ranar tashi da abin da aka biya, naira a layinta, sefa a nata. Jadawalin na riƙe tarihin gyare-gyare, don haka in an canza adadi za a ga wanda ya canza da lokacin. Ga mai mota biyu ko uku a wata, wannan ya wadatar. Sai harka ta kai motoci da yawa a hanyoyi daban-daban lokaci guda, ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta haɗa kuɗi don kwantena, sannan allon aiki zai biya wahalarsa. Masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

To amma akwai abin lura. Duka biyun da intanet suke rayuwa. Mutanen Jibiya ba za su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. Haka nan a Maris na 2024, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta jefa ƙasashen Afirka ta Yamma da dama cikin matsala. Saboda haka a riƙa sauke muhimman takardu a kan waya, a kuma riƙe na asali, domin jami'in da ke bakin shinge na iya cewa su yake son gani.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi komai muhimmanci, shi ne mallakar asusun. Kada maigida ya bari a buɗe shi da suna da lambar yaronsa, domin ranar da suka rabu, yaron zai tafi da tarihin kasuwar baki ɗaya. A buɗe da lambar maigida, a sa matakin tsaro na biyu, wanda ya bar aiki kuma a cire shi a ranar. A sani cewa abin da aka jefa kwandon shara na Google Drive yana gogewa bayan kwana 30, asusun da aka bari shekara biyu ba a taɓa ba kuma kamfanin na iya share shi.

Buɗe iyaka da rufe ta ba a hannun ɗan kasuwa suke ba, suna hannun Abuja, Yamai da Kwatano. Abin da ke hannunsa shi ne ya san inda takardunsa suke da wanda kowane aiki ke wuyansa, ya kuma tantance wanne daga cikin biyun ke ci masa riba kafin ya zaɓi manhaja. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.