Kwafi uku ba ya maye gurbin ajiya

Aikina kula da rumbunan bayanai ne, kuma abin da nake gani a ƙananan kamfanoni yana ɗaga mini hankali. Mutum ya ɗora bayanan abokan cinikinsa a kan Kubernetes, manhajar da Google ya fitar a 2014 don rarraba ayyuka tsakanin kwamfutoci masu yawa, sai ya miƙe ƙafa.

Kubernetes ya ƙware wajen tsayar da aiki a wannan na'ura ya tayar da shi a waccan. Rumbun bayanai kuwa dole faifansa ya bi shi, shi ya sa aka tanadi StatefulSet, mai ba kowane kwafin rumbun suna da faifai na dindindin. Rumbuna irin CockroachDB suna bin tsarin Raft: ba a tabbatar da rubutu sai mafi rinjayen kwafin sun amince, don haka kwafi uku na jure mutuwar ɗaya. Amma na ga inda ukun ke ɗaki guda, kan janareta guda. Ranar da man dizal ya ƙare, tare suka mutu.

Kwafi kuma ba ya maganin kuskure. Ka goge asusun wani, nan take gogewar ta isa sauran. A 2017 kamfanin GitLab ya rasa bayanan kusan awa shida bayan wani ma'aikaci ya goge bayanai bisa kuskure, hanyoyin ajiyarsu suka gaza.

Masu kamfanoni, amanar jama'a ce a hannunku. Ku raba kwafin a gine-gine daban, ku yi ajiya a waje, ku gwada dawo da ita kowane wata.