ZANCEN GIDA: Kada A Sauke Yaro A Tsakiyar Rafi

Watan jiya mun je gaisuwar mutuwa a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur. Muna zaune a gindin ɗorawa sai wani saurayi ya kawo mana ruwa, ya durƙusa ya gaishe mu. Mun san shi tun yana ƙarami. Sa'ad da mahaifinsa ya rasu, ekklisiyarsu ce ta ɗauki nauyin karatunsa, ta yi shekara shida tana biya, tun daga aji ɗaya na sakandare har ya fita. Mu ka ce masa, "Ɗana, ina a ka kwana da batun karatu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na gama. Lissafi ne kaɗai ban samu ba. Da na koma wurin kwamiti su ka ce nawa ya ƙare, akwai ƙannena a baya." Shekara uku ke nan yanzu. Da damina yana ƙwadago a gonakin mutane, da rani ya tafi Kaduna ya ari babur ya yi acaɓa.

Ba mu ga laifin kwamitin ba. Kuɗin kaɗan ne, marayu kuwa da yawa. Amma tun daga ranar abin ya tsaya mana a rai. Shekara shida gwauraye da tsofaffi suna sa abin hannunsu cikin kwanon baiko domin yaron nan, sa'an nan saboda kuɗin sake zama jarrabawa sau ɗaya a ka bar shi. Gama takardar sakandare wadda ba ta da darasi biyar masu kyau, har da Turanci da Lissafi, ba ta buɗe ƙofar fannoni da yawa na jami'a, ba ta buɗe ta makarantar aikin jinya. An goya shi an shiga rafi da shi, da a ka kai inda ruwa ya fi zurfi sai a ka sauke shi.

Mu mutanen wannan yanki mun saba ganin taimako ya zo ya wuce. Dattawanmu suna tuna 1975, lokacin da a ka buɗe shirin noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. An kawo takin zamani da sabon irin masara, an yi hanyoyi zuwa ƙauyuka, masara ta zauna a ƙasar da a ka sani da dawa da auduga. Bayan 'yan shekaru shirin ya ƙare. A 1976 a ka soma karatun firamare kyauta ga kowa, 'ya'yan manoma da yawa su ka ga allo a karo na fari. Waɗanda su ka yi karatu a zamanin nan suna da wurin zuwa: aikin koyarwa, aikin gwamnati, gidan gurzar auduga, ko masaƙun Kaduna. Amma babbar masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Yaron da ya gama sakandare yau ba wanda ke jiransa a bakin ƙofa. Saboda haka taimakon da ya ishi ubansa, watau a sa shi makaranta a bar sauran ga gwamnati, ba zai ishe shi ba.

Akwai wani shiri da mu ke so iyaye da dattawan ekklisiya su san labarinsa, domin ya gane abin da mu ke faɗi. Daga 2012 zuwa 2020 gwamnatin Ingila ta ba da kuɗin wani aiki mai suna Women for Health a jihohin Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe. Damuwarsu ita ce ƙauyuka ba su da ungozoma da ma'aikatan jinya mata, mata kuwa suna mutuwa wurin haihuwa. Da su ka bincika sai su ka tarar 'yan matan ƙauye sun yi sakandare, amma ba su da sakamakon da makarantun lafiya ke nema, gama can ana bukatar Turanci, Lissafi da darussan kimiyya uku. Maimakon su ce babu 'yan mata, sai su ka kafa shekara guda ta share fage. Jama'ar ƙauye su ke zaɓen yarinya, a koya mata darussan da ta faɗi, ta sake zama jarrabawa, sa'an nan ta nemi shiga makarantar ungozoma ko ta jinya, da alkawarin za ta komo ta yi wa mutanenta aiki. Har sun yi tanadin wurin renon jarirai, domin matan aure masu goyo su ma su iya karatu. Ku duba inda su ka sa kuɗinsu: daidai wurin da yaronmu na gindin ɗorawa ya nutse. Ga makarantar ungozoma nan a Malumfashi, ba nisa. 'Yan matanmu nawa ne darasi ɗaya ko biyu ya tsare su daga ƙofarta?

Shirin ya ƙare a 2020. Haka kuma wani mai suna Mafita, wanda ya sa samari da 'yan mata koyon sana'a a Katsina, Kano, Kaduna da Jigawa. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, ayyuka da yawa a ƙasar nan su ka tsaya cak. Ba raini mu ke yi ba, mun gode wa duk wanda ya taimaka. Amma baƙo yana da ranar tafiya, yaro kuwa ba ya daina girma domin shiri ya ƙare.

To, mu fa, me ke hannunmu? Hatsi. Nan ne mu ke so mu ɗan daɗe.

Makarantu suna komawa a watan Satumba. Duk manomi ya san wane lokaci ne wannan. Kuɗin gida ya tafi wurin taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago, rumbu ya kusa ƙarewa, masara ba ta bushe ba, dawa da auduga kuwa sai Nuwamba ko Disamba. A daidai wannan lokaci yaro zai zo da takarda: kuɗin makaranta, riga, littattafai, takalmi. Uba ba shi da zaɓi sai ɗaya cikin uku. Ko ya ci bashi mai ruwa, ko ya sayar da amfanin gona tun yana tsaye a kan kuɗin banza, ko ya ce wa yaro ya dakata sai bayan kaka. Idan gida yana da namiji da mace, kun san wadda a kan ce wa ta dakata. Daga dakatawa kuma sai zancen aure ya taso.

Mun ga wata ƙaramar ekklisiya ta yi dabara a kan wannan, ba kuwa mutane masu arziki ba ne. Ranar godiyar kaka, ban da baikon da a ka saba, kowane gida yana kawo hatsi dabam domin abin da su ke kira rumbun makaranta. Mai ƙarfi ya kawo buhu, marar ƙarfi ya kawo tiya biyu ko uku. Matasa kuma suna noma gona ɗaya ta gayya. Ana ajiye hatsin da magani, ba a taɓa shi sai tsakiyar damina sa'ad da ya yi daraja, a sayar, kuɗin ya jira Satumba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mabuɗin rumbun biyu ne, ɗaya a hannun wani dattijo, ɗaya a hannun shugabar zumuntar mata, ana kuma karanta lissafi a gaban jama'a. Sun ce fasto da kansa ya roƙa kada a ba shi mabuɗi, mun kuwa yaba masa, gama abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne zargi.

Sai dai mu faɗi gaskiya, dabarar ba ta ci kowace shekara. A 2025 farashin masara da sauran hatsi ya faɗi ƙwarai, bayan gwamnatin tarayya ta sauke harajin shigo da abinci a 2024, waɗanda su ka yi ajiya suna jiran tsada da yawa sun yi hasara. Saboda haka kada a sa dukan zuciya a kan masara. A haɗa da waken suya, a sayar kashi kashi, idan an samu a sayi 'yan awaki a ba matan da za su kiwata. Ko da an sayar ba riba, kuɗin yana nan a watan da a ke bukatarsa, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Sa'an nan batun wurin kwana. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga su ka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara, wadda ke maƙwabtaka da mu, iyaye da yawa ba sa iya barci idan ɗansu yana makarantar kwana. Allah ya taimaka an sako yaran bayan kwana shida, amma tsoron bai tafi ba. Ƙauyuka da dama kuwa ba su da babbar sakandare kusa. Abin da ya rage shi ne yaro ya zauna a gidan wani a cikin Funtua ko Malumfashi ya riƙa zuwa ta jeka ka dawo. Ku masu bi da ke zaune a gari, ma'aikata da 'yan kasuwa, yawancinku haka a ka riƙe ku. Tabarma ɗaya da kwano ɗaya na tuwo sun fi kuɗin makaranta wuyar samu ga ɗan ƙauye. Amma muna gargaɗi da babbar murya: riƙo dabam, bauta dabam. Mun san gidajen da a ka kawo yarinya domin karatu, sai ga ta ita ce mai wanki, mai reno, mai talla, ta isa aji a gajiye tana gyangyaɗi. Idan ta faɗi jarrabawa sai a ce ba ta da kai. Ya kamata ekklisiyar da ta aiko da yarinya ta sa mace ɗaya mai hankali ta riƙa ziyartarta, ta tambaye ta a keɓe, ba a gaban uwar gida ba.

Ba kowane yaro ne na littafi ba, kada kuwa mu mai da wannan abin kunya. Mai walda, tela, makanikin babur, mai gyaran injin ban ruwa, mai haɗa wutar sola, duk suna cin abinci a Funtua. Amma nan ma rafin yana da tsakiya. Yaro zai yi shekara uku ko huɗu a shagon maigidansa, a yaye shi da addu'a da lemo, gari ya waye ba shi da keken ɗinki ko injin walda ko kuɗin hayar shago. Sai ya koma yaron shago har ya yi gemu, ko ya watsar ya tafi cin rani. Tun ƙarshen shekarun 1950 'yan mishan na SUM a ƙasar Filato su ka gane wannan, sa'ad da Peter Batchelor ya kafa aikin Faith and Farm. Ana sa saurayi a hannun gwanin manomi ya koya, in ya ƙware a taimake shi da shanun noma da garma a kan bashi, ya biya sannu sannu. Bashi ne, ba kyauta ba, kuma muna ganin haka ya fi. Wanda ya biya keken ɗinkinsa yana tafiya da kansa a sama, kuɗin kuma ya juyo ya saya wa na baya.

Wanda ya samu shiga jami'a ko kwalejin gwamnati, a gaya masa akwai asusun bashin ɗalibai na tarayya, NELFUND, wanda a ka buɗe a 2024. Ba shi da ruwa, ba a kuma soma biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ta intanet a ke nema, saboda haka wani matashi mai waya ya zauna da shi su cika. Wannan zai rage wa rumbun makaranta nauyi, a sa hatsin inda gwamnati ba ta kai ba.

Wani zai ce, idan za mu raka kowane yaro har ya tsaya da ƙafarsa, ai yara kaɗan za mu iya ɗauka. Gaskiya ne, abin kuwa da zafi. Kwamitin da zai zaɓi uku ya bar bakwai zai sha magana, iyayen bakwai ɗin kuma a majami'a ɗaya su ke zama da shi kowace Lahadi. Duk da haka ra'ayinmu shi ne, kafin a ɗauki sabon yaro a watan Satumba mai zuwa, a fara buɗe tsohon littafi a ga waɗanda a ka sauke a hanya. Sau da yawa abin da ya rage musu bai kai kuɗin shekara ɗaya na sabon ɗalibi ba.

Kafin mu bar ƙauyen nan mun zauna da dattawa biyu da uwar zumunta. Ta ce, "Baba, in dai lissafi ne, ai ɗan ƙanena yana koyar da shi a Malumfashi, zan yi masa magana." Wani dattijo ya ce zai ba da buhun waken suya in an yi kaka. Hukumomin WAEC da NECO duka suna shirya jarrabawar 'yan waje wajen ƙarshen shekara, yaron ya ce zai zauna gida bana ba zai tafi Kaduna ba. Littattafansa ne gara ta cinye, muna neman wanda zai ba shi aron na lissafi, na aji huɗu zuwa shida.