Wa Ke Tunawa Da 'Yan Boma?

Kowace shekara ran 15 ga watan Janairu, manya sukan taru a Abuja da manyan biranen jihohi, a ajiye furanni, a busa begila, a saki fararen tattabaru, wai ana tunawa da mazan jiya. Kafin la'asar an naɗe tabarma, kowa ya kama gabansa. Amma akwai wani mutum da bikin nan bai taɓa isa ƙofar gidansa ba, wato tsohon sojan ƙauye, wanda ya tuɓe kaki ya ɗauki fartanya da sifana.

Daga ƙasar Katsina zuwa Zazzau, daga Bauchi zuwa Barno, da wuya a sami gundumar da ba ta san irinsa ba. Wani wuri a ce masa Ɗan Boma, wani wuri Kofur, wani wuri Baba Soja, har sunansa na yanka ya ɓace. Da damina yana gona tun hantsi bai dubi ludayi ba. Da rani kuwa sai a tarar da shi gindin bishiya a bakin tasha, ƙafafunsa kaɗai ake gani daga ƙarƙashin mota. Yawancinsu yanzu sun kwanta dama, gama wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1943, yau ya haura ɗari.

Ba duka ne suka tafi da son ransu ba. Da yaƙin Hitila ya yi zafi, Turawa suka nemi sarakuna su ba da mutane. Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci kuma ya duba wanda ba shi da mai tsaya masa. Wasu kuwa kaki da albashi ne suka ja su. Ko ta wace hanya, dubun dubata ne suka bar gida. A 1941 sojan Nijeriya suka kori Italiyawa daga Mogadishu har Harar ta ƙasar Habasha cikin wata guda. Daga 1943 aka shiga kwasarsu a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai dajin Boma, su kara da sojan Japan. Runduna ta 81 ta bi kwarin kogin Kaladan inda babu hanyar mota, kaya a ka, abinci kuma sai wanda jirgin sama ya jefo. Runduna ta 82 ta biyo baya, suka haɗu suka ci garin Myohaung a Janairun 1945.

To, ga abin mamaki. 'Yan Arewa mazauna kurmi kullum suna gilmawa ta gaban sunayen wuraren nan ba su sani ba. Barikin Dodan da ke Ikoyi, inda aka mulki ƙasar nan daga 1966 har gwamnati ta koma Abuja a 1991, ba dodon tatsuniya aka nufa ba, sunan wani fagen fama ne a Boma. Haka barikin Myohaung da na An a Yaba, haka Arakan da Tamandu a Apapa. Mutanen Sabon Badun ma ba sai sun yi nisa ba, ga barikin Letmauk nan Mokola kusa da su. A gida kuma ga Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ga Chindit a Zariya. Saurayi ya wuce da buhun albasa a ka ta gaban allon da ke ɗauke da sunan wurin da kakansa ya binne abokansa, amma ko a jikinsa. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa.

Littafin tarihi ya riƙe sunan ɗaya biyu, kamar Samanja Chari Maigumeri mutumin Barno, wanda barikin Lakwaja ke amsa sunansa. Sauran fa? Sauran sun koma gida da lamba a ƙirji da ɗan kuɗin sallama wanda bai taka kara ya karya ba.

Amma sun koma da wani abu da ya fi kuɗin. Yaƙin zamani yaƙin mota ne, saboda haka dole soja ta koya wa 'ya'yan manoma tuƙi da kanikanci da walda. Yaron da bai taɓa shiga mota ba sai ranar da aka ɗauke shi kurtu, ya dawo yana iya kwance inji ya ɗaure. Da yawa sun maƙale a birni, suka zama masu gadi da masinjoji da 'yan doka. Wanda ya koma ƙauye kuwa, shi ne ya zama gatan gari. Lokacin gyaɗa da auduga, in babbar mota ta mutu a hanyar Kano, shi ake aika wa yaro ya kira. Motocin da suka sauko da shanu Ikko suka koma da goron Shagamu, hannun irinsa ne ya riƙe su bisa hanya. Keke ya lalace, shi ne. Injin niƙa ya tsaya ana tsakiyar biki, shi ne. Ba takardar shaida, ba shago, sai akwatin ƙarfe da yara biyu uku masu miƙo sifana, waɗanda su ma daga baya suka yaye nasu. Bai kuma saki gona ba. Wasunsu da kuɗin sallamar nan suka sayi shanun huɗa da garma, makwabta suna dariya, shekara na kewayowa suka zo aro.

Akwai masu cewa ai yaƙin Turawa ya yi, ba nasa ba, don me za a yabe shi? Rabin maganar gaskiya ce. Yadda Turawan suka sāka musu ma sananne ne: ran 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji suka fito a Ankara ta ƙasar Gana suna neman haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta, uku suka faɗi nan take. Sai dai wannan hujja ce a kan wanda ya aika, ba a kan ɗan aike ba. Kuma ko an ajiye zancen yaƙi gefe, shekara uku ya yi a Boma, shekara arba'in ya yi yana ciyar da gari yana gyara masa ƙarafa. Wannan ba Bature ne ya sa shi ba.

Ƙannensu na nan da rai. A yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, sojan Nijeriya ya tashi daga wajen mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, kuma da aka zo rage su, da yawa hanyar 'yan Boma suka bi, gona da gareji. Yau duk sun wuce saba'in. Wani ido ya tafi, wani ƙafa ta ƙi, ga fensho ba ya fitowa sai da takarda da zirga-zirgar tantancewa, ga 'ya'yan suna Agege da Mile 12 da Idi-Araba suna neman na kansu. Aika kuɗin cefane a wata ba ya sauke wannan nauyi. Ya kamata cikin 'ya'yan a sami wanda zai bar kasuwa mako guda ya riƙe hannun tsoho ya kai shi inda ake nemansa. Fadojin Sarakunan Hausawa na kurmi, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke tara kuɗi don kai gawa gida, su ma suna iya buɗe littafi su rubuta tsofaffin sojojin garuruwansu, rayayyu da matattu.

Wanda kuma zai je gida da Sallah, ya roƙi a buɗe masa akwatin ƙarfen tsoho. Yawanci a ƙarƙashin tsummoki akan sami lambobin yabo, har da Tauraron Boma, da ɗan littafin sallama mai ɗauke da lambar soja da rundunarsa da ranar shiga da ranar fita. A ɗauki hotonsa da waya, a naɗe shi a leda saboda gara. In mai littafin yana raye, a kunna wayar a ajiye gabansa bayan sallar isha'i, a tambaye shi wa ya koya masa gyaran mota.