Kafin a Sayo Taragun Shanu, a Tambayi Kara

Idan aka girbe dawa a yammacin Katsina, yara ne ke fara cin moriyar abin da aka bari a gona. Su ɓare kara, su fitar da totuwa, su yanka ta da reza, su soka tsinke nan da can, kafin la'asar mota ta tashi. A Karare, ƙauyen ƙasar Batsari da ke maƙwabtaka da Safana, wanda sunansa a rubuce ya zo ɗaya da jam'in kara, yaro zai ƙera babur, ko a-kori-kura, ko doguwar tirela irin wadda ke lodin shanu ranar kasuwa. Da wuya ya ƙera jirgin ƙasa, domin dogo bai taɓa ratsa ƙasarsu ba. Tsohon layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, can ƙetaren dajin Rugu. Yaro abin da idonsa ya gani yake kwaikwaya.

A Ayilan, tsibirin da ke yamma da Ingila, manya ne ke wannan wasa, kuma da kuɗinsu. Akwai dattawan da ke shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo a kan tebur, su jera tashoshi da taragu waɗanda girmansu yawanci kashi ɗaya ne cikin 76 na ainihin abin. Daga cikin abin da suke nema har da taragun shanu, domin a da shanu na cikin manyan kayan da jiragen ƙasarsu ke ɗauka daga kasuwanni irin ta Ballinasloe zuwa bakin teku, a tsallaka da su Ingila. Kamfanin jiragen gwamnati, CIÉ, ya daina wannan jigila a 1975, bayan manyan motoci sun ƙwace ta. Abin da ya rage sai hotuna da tunanin tsofaffi, sai kuma ƴan ƙananan maƙera da ke sayar da tarago gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mai saye ya harhaɗa da gam, ya shafa fenti.

Abin lura shi ne yadda irin wannan maƙeri yake yi kafin ya taɓa aljihunsa. Tsadar sana'arsa duk a farko take. Zanen tarago da sassaƙa mazubinsa su ne ke cin kuɗi, ko guda goma zai fitar ko guda dubu. Kasuwarsa kuwa ƴar mitsitsiya ce, don haka sai ya fara da tambaya. Wa ke so? Guda nawa? Irin na wane zamani? Daga nan sai ya ci karo da abin da kowane ɗan kasuwa ya sani, wato yaba kaya ba ya cin ko kwabo. Mutane da yawa za su ce madalla, a yi, amma ranar biya sai a nemi wasu a rasa. Shi ya sa mai wayo a cikinsu yakan nemi kafin alƙalami, ya ƙirga waɗanda suka ajiye kuɗi, in sun kai adadin da zai fitar da shi sai ya zuba, in ba su kai ba ya mayar wa kowa nasa.

Wannan hankali na mai ƴar ƙaramar sana'a shi ake buƙata yanzu a maganar taragun shanu na gaske. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil. Jibiya kuwa maƙwabciyar Batsari ce. Ke nan a karon farko jirgi zai zo inda bajimin Karare zai iya isa tasha a wuni ɗaya. Duk lokacin da ake lissafa alfanun aikin, sai an ambaci dabbobi, kuma ba laifi, domin yankin na kiwo ne, ga shanun Nijar da ke shigowa ta iyaka. Sai dai yawan shanu a ƙasa ba ya nuna yawan waɗanda za a kai tasha.

An taɓa gwadawa. A watan Satumban 2016, da hannun hukumar NIRSAL, jirgi ya tashi daga Gusau da shanu 500 a taragu 15 zuwa Oko-Oba a Legas. An yi buki, an ɗauki hotuna, shanun sun isa. Amma abin bai zama jigilar kowane mako da falke zai ɗora lissafinsa a kai ba, tirela ta ci gaba da cin kasuwarta. Tafiya ɗaya da aka shirya ta musamman tana nuna cewa tarago zai iya ɗaukar saniya, abin da aka sani tun zamanin da ake lodi a Kano da Nguru da Ƙauran Namoda don kauce wa tsando da doguwar tafiyar ƙafa. Ba ta nuna ko fatake za su dawo mako na gaba da kuɗinsu ba.

Dalilan falke na riƙe tirela ba na jahilci ba ne. Mota tana zuwa har cikin kara, wato wurin cinikin dabbobi, ta yi lodi da yamma ta kama hanya a daren. Fatake uku ko huɗu sukan haɗa kai su cika ta, yaransu na bisa suna tayar da duk wadda ta kwanta kada ƴan'uwanta su tattake ta. Ɗan kamasho ya san direba, direba ya san shingayen hanya, kuma akwai bashi da amana da aka gina shekara da shekaru. Wahalarta ma sananniya ce, ga kuɗin da ake tatsa a shinge bayan shinge, ga tsadar man dizal, ga ramar da dabba ke yi a tsaye cikin rana, wata ma ta mutu kafin a isa. A nan jirgi zai iya yin galaba. To amma jirgi ba ya tashi da shanu talatin. Yana so a tara masa ɗaruruwa a wuri ɗaya, a rana ɗaya, a tashar da ke da garke da ruwan sha da matakalar lodi da likitan dabbobi. Mai shanu daga Batsari dole ya fara ɗaukar mota zuwa Jibiya ko Katsina, ya sauke, ya jira, ya sake lodi. Kowane sauke da ɗorawa kuɗi ne, kowane kwana na jira harawa ce.

Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba. Sabon layin mai faɗi ne, milimita 1,435 tsakanin ƙarafunansa, tsohon kuwa 1,067 ne, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Kasuwar naman tana Legas da Ibadan da garuruwan kudu. Mai faɗin ya haɗa Abuja da Kaduna tun 2016, ya haɗa Legas da Ibadan tun 2021, ana kan aikin Kaduna zuwa Kano, amma tsakanin Abuja da Ibadan babu shi. Saniyar da ta hau a Jibiya sai an sauke ta a tsakiyar tafiya, a mayar da ita tsohon dogo ko tirelar da aka ce za a raba ta da ita. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ayilan ma ta ga irin wannan. Ƙaramin layin da ya haɗa Sligo da Enniskillen da shanu yake rayuwa, kuma a 1957 ya mutu alhali shanun na nan, saboda an rufe layin da yake miƙa wa kaya a Enniskillen.

Ko da an ce a je a ƙirga, ƙirgar kanta tana da tarko a ƙasar Batsari da Safana. Shekaru da dama ɓarayin daji suna kore garkuna daga ƙauyukan bakin Rugu, har shanun huɗa ba su tsira ba. Kara na iya cika maƙil don mutane na rabuwa da dabbobinsu kafin a raba su da su, ko don a biya kuɗin fansa. Tana iya zama fayau don hanya ba ta biyuwa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Batsari da Safana da Jibiya, ta kuma hana fitar da shanu a mota daga jihar. Wanda ya zo da littafin ƙirga a watannin nan sifiri zai rubuta. Iyakar Nijar ma an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. Ƙirgar shekara ɗaya a irin wannan wuri ba abin dogaro ba ce, ko ta nuna yawa ko ta nuna ƙaranci.

Shi ya sa hanyar maƙerin nan ta fi dacewa. Fataken dabbobi suna da ƙungiyoyi da shugabanni a kowace kara, kuma yajin kai kaya kudu da suka yi a farkon 2021 ya nuna cewa suna iya yanke shawara su tsaya a kanta. A zauna da su da dillalai, a gaya musu farashin kai ɗaya daga Jibiya, da ranar tashi, da inda za a sauke, da wanda zai biya idan jirgi ya lalace a daji dabba ta mutu. Sannan a buɗe rajista, mai so ya kama gurbi na wata uku ya ajiye wani abu. A tambaye su da rani, a tambaye su da damina, kada a tsaya ga makonnin Babbar Sallah lokacin da ko keken shanu zai sami lodin raguna. Tarago da aka sayo don wannan ɗan lokaci zai yi sauran shekara yana tsatsa a gefen tasha.

Wata tambayar kuma ta fi ƙarfin fatake, ta masu kiwon ce. Jirgi yana tafiya da takarda, kowace dabba sai an rubuta daga inda ta fito da wanda ya sayar da ita. Ga mutumin Karare da aka kore wa shanu, wannan rajista na iya fin saukin farashi daraja, domin za ta ƙuntata wa mai neman ɓatar da na sata a kasuwar nesa. Wasu masu lodin kuma saboda ita za su guji tasha. Duka biyun sai sun shiga lissafi kafin a san taragu nawa za a yi oda.