Injin Niƙa Na Haya, Amma Hatsin Namu Ne

Kwanan baya na raka ƙanena wani shagon kwamfuta a unguwarmu ta Tudun Jukun, domin ya cike takardar neman shiga wata makaranta. Tun da hantsi muke zaune har aka kira la'asar, shafin makarantar bai buɗe ba, mai shago kuwa yana ta ƙona fetur yana lissafa mana. Washegari aka rufe rajista. Da na bincika sai na ji cewa kwamfuta guda ɗaya tak ke ɗauke da shafin, tana ajiye a wani ofis. Wata goma sha ɗaya tana zaman banza tana shan lantarki, a makon da ake bukatarta kuma dubban yara suka yi mata rubdugu ta durƙushe. Yaron nan ya yi asarar shekara guda, ba don ya faɗi jarrabawa ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, wannan ciwo yana da magani, kuma ina ganin ya kamata mu sha shi, amma da idonmu buɗe.

Bari in fara da kwantena. Mai rubuta manhaja yakan haɗa ta da dukkan abin da take bukata don ta yi aiki, ya ɗaure su ƙunshi guda, yadda duk kwamfutar da aka ɗora ƙunshin a kanta zai yi aiki iri ɗaya. Docker ne ya yayata wannan dabara a 2013, a 2014 kuma Google ya fito da Kubernetes don kiwon kwantenoni masu yawa a lokaci guda. Sai dai kiwon nan aiki ne ja, yana son injuna da ƙwararru masu kwana a kansu. Daga nan manyan kamfanoni suka ce, kawo kwantenarka, mu za mu ji da injunan. Amazon ya fito da Fargate a 2017, Google ya fito da Cloud Run a 2019, Microsoft kuma ya buɗe Azure Container Apps ga kowa a 2022. Ana ce wa tsarin “ba sabar”, alhali kuwa sabar tana nan daram, ba a ɗakinka take ba kurum.

Duk wanda aka taɓa aike da niƙa ya san wannan ciniki. Ba kowane gida ke sayen inji ba. Kai dai ka ɗauko hatsinka a kwanonka, a niƙa, ka biya kuɗin mudun da aka niƙa maka. Haka Cloud Run yake: idan ba wanda ya buɗe shafinka, sai ya kashe kwantenar baki ɗaya, lissafi ya tsaya, idan mutum dubu goma suka zo, sai ya tayar da kwafinta da yawa su raba aikin, in an watse ya kashe su. Har buƙata miliyan 2 na farko a kowane wata kyauta ne. Ɗalibin da ba shi da kuɗin janareta, balle na ɗaki mai sanyi, yana iya ɗora aikinsa na shekarar ƙarshe duniya ta gani. Da shafin makarantar nan a irin wannan wuri yake, da ƙanena yana aji yanzu. Akwai ɗan jinkiri idan injin ya riga ya mutu sai an tayar da shi, amma wanda ya yini a shago ba zai yi ƙorafin daƙiƙa biyu ko uku ba.

Amma fa mai injin nan ba maƙwabcinmu ba ne, kuma a nan ne nake saɓawa da abokaina da ke ganin an gama magana.

Da dala yake yanka farashinsa. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Watau ma'aikatar da ta yi kasafi a kan wannan haya ta wayi gari kuɗin ya ninka sau uku, ba tare da an ƙara mata ko mudu guda ba. Gaskiya ne a Janairun 2025 Amazon ya fara karɓar Naira, to amma sauƙin biya daban, sauƙin farashi daban. Ga kuma wani tarko: injin da ke ƙara kansa da kansa, lissafinsa ma ƙara kansa yake yi. Wanda bai sa wa kwantenarsa iyakar yawan kwafin da za a tayar ba, wani ɗan iska na iya yi wa shafinsa ruwan buƙatu cikin dare, gari ya waye masa da bashin da ya fi kuɗin makarantarsa.

Sannan injin yana da nisa. Manyan cibiyoyin kamfanonin nan mafi kusa a nahiyarmu suna Afirka ta Kudu: Microsoft ya buɗe nasa a 2019, Amazon a Kef Tawun a 2020, Google a Johannasbag a 2024. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka yi kwanaki suna ɗingishi. A irin wannan rana, hatsinka yana can ƙetare, kai kana nan da yunwa. Kuma hatsin nan ba abin wasa ba ne, sunayen ɗalibai ne da sakamakonsu da takardun marasa lafiya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da irin waɗannan daga ƙasar nan, ban sani ba ko mutum nawa cikin masu sa hannu a kwangila suka karanta ta.

Shin sai mu koma wa kwamfutar nan ta ofis ke nan? Ko kusa. Abin da ya sa na fi son hayar da ke karɓar kwantena a kan sauran shi ne, kwanon naka ne. Tun 2015 aka kafa ƙungiyar da ta daidaita ƙa'idar kwantena, saboda haka wadda ka haɗa a Zariya za ta yi aiki wajen Google, in ya tsawwala ka ɗauke ta ka kai wa wani. Inda ake ɗaure mutum shi ne rumbun bayanai. Kwantenar irin wannan tsari ba ta riƙe kome, da an kashe ta abin da ke cikinta ya tafi, don haka dole a ajiye bayanai a wani wuri dabam, kamfanin kuwa zai miƙo maka rumbu irin nasa shi kaɗai, mai daɗin aiki, mai wuyar fita. Kayan aro ba ya rufe katara. Ka zaɓi rumbu irin PostgreSQL wanda kowa ke iya kafawa, ka kuma riƙe kwafinsa a gida.

Yayyenmu da suka fara aikin gwamnati, ku ne za a miƙo wa fayil ɗin irin wannan kwangila. Ku tambayi ɗan kwangila: in mun so tashi baɗi, kwana nawa zai ɗauke mu, kuma nawa za mu biya don fitar da bayananmu? In ya fara kame-kame, kada fayil ɗin ya wuce teburinku.

Mu kuma a nan, akwai Knative, wanda Google ya saki a 2018 kyauta ga kowa, mai yin irin aikin Cloud Run a kan injunan mutum na kansa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar kwamfuta mai sunan Farfesa Iya Abubakar, ga kuma ɗalibai masu ƙishin aiki. Ina roƙon ƙungiyarmu ta nemi a ba mu kwamfuta uku ko huɗu, ko tsofaffi ne, mu kafa shi, mu fara ɗora masa shafin zaɓen ƙungiya na wannan zango.