Jaririn Tauraro Da Dutsen Sama: Mu San Hajarmu Kafin Mu Sallama

Ranar Laraba 16 ga watan Yulin 2025 wasu labarai guda biyu suka fito a duniya, waɗanda idan mutum ya dube su sama-sama zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Na farko daga birnin New York na ƙasar Amurka ya fito, inda kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a kan dalar Amurka miliyan 5 da dubu 300, wato kusan sefa biliyan 3 ke nan. An tsinci dutsen ne a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar cikin watan Nuwamban 2023, kuma masana sun tabbatar da cewa daga duniyar Mars ya ɓallo ya faɗo mana. Labari na biyu kuwa na wasu masana taurari ne a ƙarƙashin jagorancin Melissa McClure ta Jami'ar Leiden da ke ƙasar Holan, waɗanda suka ba da sanarwar cewa sun hango wani jaririn tauraro mai suna HOPS-315 a daidai lokacin da ƙwayoyin dutse na farko suka soma daskarewa a kewayensa, irin ƙwayoyin da daga gare su ne duniyoyi suke haɗuwa.

Mu a namu ganin, labaran nan biyu labari ɗaya ne, kuma ya shafe mu kai tsaye, mu da muke cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi, mu kwana a Garwa, mu wayi gari a hanyar Mubi ko Yola ko Lere. Abin da Turawa suke kashe maƙudan kuɗi don su hango a can nesa, samfurinsa yana faɗowa a gonakinmu, kuma idan zai fita daga ƙasashenmu, a jakar ɗan kasuwa yake fita.

Bari mu fara da bayanin shi jaririn tauraron, domin sai an san asalin haja ake sanin darajarta. Masana sun ce tauraro, har da ranarmu wadda ita ma tauraro ce, yana samuwa ne daga wani makeken gajimare na iskar gas da ƙura. Nauyin gajimaren ne yake jawo shi ya tattaru wuri ɗaya, yana tattaruwa yana juyawa kamar guguwa. Tsakiyarsa ta dunƙule ta yi zafi ta zama tauraro, abin da ya rage kuma ya baje ya yi faɗi kamar faifai, yana ta kewaya tauraron. A cikin wannan faifai ake haihuwar duniyoyi. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana murza gari a ƙwarya za ta yi dambu ya ga misalin abin: garin da yake a warwatse ya soma kama juna, ƙanana su manne su zama ƙwayoyi. Haka ƙurar faifan take zama tsakuwa, tsakuwa ta zama duwatsu, duwatsu su yi ta karo da juna, wasu su farfashe wasu su haɗe, har a sami wanda ya yi girman da zai iya jawo na kusa da shi ya haɗiye. Kusa da tauraron, inda zafi ya yi yawa, dutse da ƙarfe ne suke iya daskarewa, shi ya sa duniyarmu ta zama ta dutse. Can nesa kuwa inda ake sanyi, ƙanƙara da gas suka fi yawa, a nan ne ƙattin duniyoyi irin su Jupita suka samu. Cikin shekara miliyan kaɗan gas ɗin faifan ya watse, kasuwa ta tashi, kowa ya riƙe abin da ya samu.

Shekaru aru-aru wannan bayani a takarda da lissafi kawai yake. A watan Nuwamban 2014 na'urar hangen nesa ta ALMA, wadda take da faranti 66 a kan wani tudu mai tsawon mita 5,000 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, ta fito da hoton wani tauraro mai suna HL Tauri, a sashen sama inda kaza da 'ya'yanta suke. Aka ga faifan ƙuru-ƙuru, da zobba masu haske da layuka baƙaƙe a tsakaninsu, kamar an bi da tsintsiya an share. Masana da yawa suna ganin duniyoyi masu tasowa ne suke share waɗannan hanyoyi. Nisan tauraron ya kai tafiyar haske ta shekara 450, alhali hasken rana minti 8 yake yi ya iso gare mu. Ma'ana, hasken da na'urar ta kama ya baro can ne tun wajejen zamanin Mai Idris Alauma na Borno. Shekarun tauraron kuwa ba su wuce miliyan ɗaya ba, ita kuma ranarmu ta kai miliyan 4,600. Da a ce rana magidanci ne ɗan shekara 46, to HL Tauri jariri ne wanda ko suna ba a yi masa ba.

Daga nan aka ci gaba. A 2018 aka ɗauki hoton wata duniya tana tsakiyar girma a cikin faifan tauraron PDS 70, a 2019 aka gano ta biyu. Shi wannan tauraro yana da shekara kamar miliyan 5, a lissafinmu na ɗazu bai yi arba'in ba. Sannan a 2025, da taimakon ALMA da kuma na'urar James Webb da aka harba sararin samaniya a Disamban 2021, aka ga matakin da ya riga duk waɗannan a HOPS-315, mai nisan tafiyar haske ta shekara 1,300.

To, mai karatu zai ce ina ruwan mai sayar da atamfa ko albasa da wannan. Ga inda ruwan yake. Lokacin da aka gama haɗuwar duniyoyin da ke kewaya ranarmu, ba duka kayan ne suka shiga gini ba. An bar ɓarɓashi mai yawa, wani sashensa a tsakanin Mars da Jupita, kuma daga cikinsa ne wani yakan ɓace hanya ya faɗo duniyarmu, mu gan shi da dare yana jan wuta, wani lokaci har da ƙara kamar aradu. Ƙwayoyin da aka ga suna daskarewa a HOPS-315, irinsu ne ake samu a ƙulle cikin waɗannan duwatsu, kuma mafi tsufansu sun kai shekara miliyan 4,567. Babu wani dutse a kan tudun Tingilin, ko a gaɓar Binuwai, ko a duk faɗin duniya, da ya kai su tsufa. Wanda ya riƙe irin wannan dutse, ya riƙe guntun faifan da aka yi ƙasar da yake takawa daga cikinsa.

Kuma Allah bai hana yankinmu wannan rabo ba. A 1952 wasu 'yan ƙananan duwatsu sun faɗo a Galim, cikin Adamawar Kamaru. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya aka gano shi ma daga Mars yake. A 1971 an yi na Kabo a ƙasar Kano. Ranar 3 ga Agustan 1974 wani mai kusan kilo 5 ya faɗo a Mayo Belwa, nan bayan Yola, irinsa kuma ba shi da yawa a duniya. Dukansu da sunan garuruwan nan aka rubuta su a littattafan masana, domin ƙa'ida ce a raɗa wa dutsen sunan wurin da ya sauka.

Wanda ya fi dacewa mu yi wa kanmu wa'azi da shi shi ne na Gujba, a jihar Yobe ta yanzu. Ranar 3 ga Afrilun 1984 ya faɗo a wata gona, an ƙiyasta nauyinsa da kilo 100, amma kafin masana su kai gare shi an farfasa shi, kowa ya ɗauki guntu ya yi gaba, aka rasa mafi yawansa. Ɗan abin da ya tsira shi aka yi bincike a kansa, kuma sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa dunƙulallun ƙwayoyin da ke cikinsa sun samu ne daga wani gagarumin karo tsakanin wasu jariran duniyoyi, kimanin shekara miliyan 5 bayan soma haɗuwar gidan ranarmu. Wato a lokacin rana tana tsarar PDS 70 na yau. Irin wannan shaida ce aka sa wa guduma, ba don mugunta ba, sai don babu wanda ya taɓa gaya wa mutanen abin da ya sauka a gonarsu.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce: talaka ya tsinci dami a kala, ku bar shi ya sayar ya ci abinci, ilmin taurari ba ya cika tukunya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma mu ba mu ce kada a sayar ba. Abin da muke ƙi shi ne cinikin makaho. Dutsen Agadas ya bi hannu-hannu daga daji zuwa wajen dillali, daga nan zuwa Italiya, kafin ya isa New York, kuma kowane ɗan kasuwa ya san cewa a irin wannan layi na farko shi ne yake kwana da ƙaramin rabo. Ko sunan garinsu bai samu ba, lamba aka ba shi, NWA 16788, irin lambar da ake liƙa wa duwatsun da suka fito daga arewa maso yammacin Afirka ta hannun dillalai. Ku dubi girman lambar ku auna yawan abin da ya riga ya fita. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda dutsen ya bar ƙasar, kamfanin gwanjon ya ce shi ya bi ƙa'ida, sannan a watan Agustan 2025 Shugaba Abdourahamane Tiani ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja, har da na sama. Saboda haka duk wanda aka ba shi saƙon dutse ya tsallaka iyaka da shi, ya fara tambayar abin da doka ta ce, kada ya je gaban 'yan duwan ko kwastan ya yi ta rantsuwa a kan kayan da bai san kansu ba.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya kamata mu faɗa da babbar murya. Tun da labarin biliyan 3 ya bazu, dole 'yan damfara su shigo da nasu. Ba kowane baƙin dutse ne ya faɗo daga sama ba. Kashin maƙera baƙi ne, duwatsun tsohon aman wuta irin na Kapsiki su ma baƙaƙe ne, gatarin aradu da kakanninmu suke ajiyewa kuwa galibi sassaƙar mutanen da ce. Ko a cikin na gaskiyar ma, mafi yawa ba su da tsada can, na Mars da na wata da ire-iren na Gujba su ne 'yan ƙalilan masu kuɗi. Dutsen sama sabon faɗowa yakan zo da siririn ɓawo baƙi kamar an babbaka shi, yakan fi girmansa nauyi, ba ya da ramuka irin na soso, kuma akasari mayen ƙarfe yana kama shi. Amma ko wannan ba hujja ba ce yankakkiya, domin irin na Mayo Belwa cikinsa fari-fari ne, ƙarfensa kaɗan. Gwajin ɗakin bincike ne kawai yake raba gardama. Kada wani ya sayar da shanunsa ya sayi tsakuwa.

Shawararmu ga wanda Allah Ya nufa da ganin faɗowar dutse ko tsintarsa ita ce kada ya fasa, kada ya wanke da ruwa, kada ya shafa masa mai. Ya ɗauki hotonsa da waya a inda ya same shi, ya rubuta rana da wuri da sunayen shaidu, ya auna shi a sikeli, ya naɗe a leda mai tsabta, ya sanar da mai gona da jauro ko lawan. Dutsen da aka san ranarsa da wurinsa ya fi wanda ba shi da asali daraja a wajen masana, kuma ya fi shi kuɗi a kasuwa. Daga nan sai a nemi masu ilmin duwatsu, kuma ba su da nisa: a nan Garwa akwai cibiyar binciken duwatsu da ma'adinai ta gwamnati wadda ake kira CRGM, ga jami'o'i a Gaundere da Marwa da Garwa, ga ta Modibbo Adama a Yola, ga ta Maiduguri.

Su ma hukumomi da jami'o'in akwai nasu aikin. Ƙa'idar ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya ita ce ba a yi wa dutse rajista sai an ajiye giram 20 daga jikinsa, ko kashi 20 cikin 100 idan ƙarami ne, a wata cibiya da aka amince da ita. Muna kira ga cibiyoyinmu su nemi wannan amincewa, domin gunturen ya zauna a gida, ɗan lise na Pitowa ko Gidar ya je ya gani da idonsa. Muna kuma kira ga gwamnatocin Kamaru da Nijeriya da Cadi su fito da ƙa'ida bayyananniya, a fassara ta da Hausa da Fillanci, a faɗi rabon mai tsintuwa da na mai gona. Idan aka ce ƙwace za a riƙa yi, to kowa zai ɓoye nasa, dillalin dare ya ci riba. Mu ma 'yan rediyo sai mu ware wa maganar fili, sarakunan kasuwa kuma su sanar da jama'arsu.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ɗan kasuwar kirki ba ya sallama hajar da bai san kuɗinta ba, in an taya masa da wuri sai ya ce albarka, ya je ya yi tambaya. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu daga asara da sharrin 'yan damfara, amin.